Yadda Ake Gina Kwanciyar Hankali: Jagora Mataki-Mataki Daga Binciken Masana Halayyar Ɗan Adam

Kusan kowa yana da abin da ya rataya farin cikinsa a kai. Wani yana jiran ranar da zai tare a gidansa na kansa, wata tana jiran ɗaurin aure, wani takardar kama aiki. Maganar ɗaya ce a bakin kowa: "In dai na samu wannan, shi ke nan hankalina ya kwanta." Sau da yawa Allah yakan kawo abin, a yi murna, a yi walima. Bayan 'yan watanni sai zuciya ta koma inda take, ta fara hangen wani abin.

A 1978 wani masani a Amurka mai suna Philip Brickman da abokan aikinsa biyu sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar gwamnati ta jihar Illinois, suka kwatanta su da mutanen unguwanninsu da ba su ci komai ba. Tazarar farin ciki tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi jan hankali, waɗanda suka ci kuɗin ba sa jin daɗin ƙananan abubuwa, irin su karin kumallo da hira da aboki, kamar yadda sauran suke ji. Binciken ƙarami ne, amma waɗanda suka biyo bayansa sun tabbatar da tushen maganar: zuciyar ɗan Adam tana da saurin sabo. Wanda ya shafa turare yakan daina jin ƙamshinsa bayan ɗan lokaci alhali yana nan a jikinsa, haka sabuwar mota da sabon muƙami suke.

Bincike a kan tagwaye ya nuna cewa gado yana da kaso a lamarin, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. Wani an haife shi da fara'a, wani da saurin damuwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ragowar yana cikin halin rayuwa da abin da mutum ya saba yi kullum. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, abin da ake maimaitawa kowane mako da mutanen da ake zaune da su sun fi babban rabo na rana ɗaya tasiri. Matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Ka yi mako 2 kana lura da kanka

Kafin ka canza komai, ka san inda kake. Samu ɗan littafin rubutu ka ajiye kusa da shimfiɗa. Kowane dare bayan Isha'i ka ba ranar maki daga 0 zuwa 10, irin tsanin da ake amfani da shi a rahoton farin ciki na duniya da ake fitarwa tun 2012. Ƙarƙashin makin ka rubuta abu uku: awa nawa ka yi barci daren jiya, da wa ka zauna ka yi hira ta gaske, da abin da ya fi cinye maka lokaci. Wanda rubutu yake ba wahala ya naɗi muryarsa a waya, ko ya rubuta da ajami.

Amfanin wannan shi ne, tunaninmu game da abin da ke faranta mana rai yakan saɓa da gaskiya. A 2004 Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mata ma'aikata 909 a jihar Texas su tsara yadda jiyansu ta kasance daki-daki. Lokacin zama da ƙawaye da 'yan uwa yana cikin mafi daɗi, tafiya wurin aiki da safe tana can ƙasa. Ingancin barcin da mace ta yi ya fi yawan kuɗin shigar gidanta tasiri a kan yadda ta ji daɗin wuninta. Bayan mako 2 ka duba littafinka. Ranakun da suka sami 7 da 8, me ya haɗa su? Waɗanda suka sami 3 fa? Amsar da za ka gani taka ce kai kaɗai, kuma ita za ta nuna maka matakin da ya kamata ka fara da shi.

Mataki na 2: Gyara barci, sannan ka motsa jiki

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Lissafin a wurinmu a fili yake. Wanda zai tashi sallar Asuba wajen ƙarfe 5, in yana son awa 7, to ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a kwance. Wanda ya kai ƙarfe 1 a majalisa ko a kan waya, awa 4 ya samu. Washegari ƙaramar magana za ta harzuƙa shi, ya ɗauka matarsa ce ta canza ko yaran shago ne suka raina shi, alhali barci ne yake bin sa bashi.

Abu na farko, tsayar da lokacin kwanciya, ka riƙe shi har ranakun hutu. Na biyu, ka lura da shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayi mai kauri da aka sha ƙarfe 9 na dare rabin ƙarfinsa yana nan ƙarfe 2. Ka tsayar da su daga La'asar. Na uku, ƙailula tana da amfani, amma minti 20 zuwa 30 bayan Azahar ta wadatar, in ta yi tsawo za ta ci barcin dare. A watannin bazara watsa ruwa kafin kwanciya yana taimakawa. Kada ka nemi barci da ƙwayar da likita bai rubuta maka ba. Maganin barci da ake saye a kemis ba bisa ƙa'ida ba, da tiramol, da sirof mai kodin wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, duk suna ba da sauƙi na ɗan lokaci su bar mutum da jaraba.

Game da motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai ɗan sa haki. Tafiya da sauri ta minti 30 sau 5 a mako ta cika mafi ƙanƙantar adadin. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Sauka daga adaidaita kafin ka kai inda za ka, ko ka taka zuwa masallaci mai ɗan nisa. Ke kuma da kike cikin gida, zagaya tsakar gida da hanzari bayan sallar Asuba, ko ki taka zuwa Islamiyya tare da maƙwabciyarki. In tafiyar ta zo da hantsi ya fi, domin hasken safiya yana saita agogon jiki, barcin dare ya zo a kan lokaci.

Mataki na 3: Kula da mutanenka

A nan zan daɗe, domin duk sauran matakan in an haɗa su ban ga sun kai wannan nauyi ba.

A 1938 aka fara wani bincike a jami'ar Harvard wanda har yau ba a rufe shi ba. An bi rayuwar maza 724, daga ciki 268 ɗaliban jami'ar ne, 456 kuma yara ne daga unguwannin talakawa na birnin Boston. An bi su daga samartaka zuwa tsufa, ana duba lafiyarsu, ana tambayarsu game da aiki da aure da abokai. Likitan da ke jagorantar binciken yanzu, Robert Waldinger, ya bayyana cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance yana ɗan 80. A 2010 kuma Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, ta gano cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi marasa ita damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bibiye su.

Bahaushe zai ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu gidajenmu cike suke, ga biki ga suna ga majalisa. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Zama cikin taro daban, samun wanda za ka buɗe wa cikinka daban. Akwai magidanci da ya shekara 10 yana zama a majalisa ɗaya, ana siyasa ana ƙwallo, ba wanda ya san bashi ya hana shi barci. Akwai amarya da aka kai garin da ba ta san kowa ba, gida cike da dangin miji, ba ta da wadda za ta yi wa kuka. Akwai tsohuwa da ake aika mata kuɗi duk wata amma ba mai zama ya saurare ta. Masu binciken Harvard suna da tambaya ɗaya da suke auna wannan da ita: in rashin lafiya ko tsoro ya kama ka da tsakar dare, wa za ka kira? Ka amsa wa kanka, ka rubuta sunayen. In ka sami biyu ko uku, ka yi arziki, saura riƙo. In ba ka sami ko ɗaya ba, to aikinka na watanni masu zuwa ke nan.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi mutum 3 da kake jin sanyi in ka tuna su. Ware wa ɗayansu ziyara kowane mako, ba don biki ko gaisuwar rasuwa ba, kawai don ka gan shi. Magabata da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san abin da suke faɗi. Wanda yake nesa ka kira shi da murya. Wani bincike na Amit Kumar da Nicholas Epley ya nuna mutane suna gudun kiran tsohon aboki don suna ganin za a ji nauyi, sai su zaɓi rubutu, amma waɗanda aka sa suka yi kiran sun fi jin kusanci, kuma jin nauyin da suke tsoro bai fi na rubutun ba. Tura hoton "Juma'a Mubarak" ga mutum 50 bai kai kiran minti 5 ga mutum ɗaya ba.

Sai yadda ake karɓar magana. Shelly Gable ta yi nazarin yadda mutane ke amsa labari mai daɗi, ta gano cewa yana daga cikin abubuwan da ke ƙarfafa zama ko su raunana shi. Ƙanwarka ta shigo tana murmushi ta ce, "Yaya, na ci jarrabawar nan fa." Kana iya cewa "To, madalla," idonka a kan waya. Kana kuma iya kifa wayar ka ce, "Kai, alhamdu lillahi! Zo zauna nan ki ba ni labari. Yaushe sakamakon ya fito? Inna ta ji kuwa?" Amsa ta biyu minti 2 za ta ci maka, amma gobe in wani abu ya dame ta, kai za ta nufa.

Labarin baƙin ciki ma yana da nasa ladabi. Mun saba, da mutum ya buɗe baki zai faɗi damuwarsa sai mu tare shi da "sai haƙuri." Haƙuri gaskiya ne kuma umarni ne, amma in ya zo kafin a saurara, mai maganar yakan ji an rufe masa baki ne. Bar shi ya kai aya. Tambaye shi, "Tun yaushe abin yake damun ka? Me ya fi yi maka ciwo a ciki?" Bayan nan nasiharka za ta sami wurin zama.

Miji da mata su ware minti 15 a rana, bayan yara sun kwanta, na hirar da babu cefane ko kuɗin makaranta a ciki. Dangin da duk zama da su yake barin ka da ƙunci kuwa, ba a ce ka yanke su ba. Ka gaishe su, ka sauke hakkinsu, ka taƙaita zaman.

Mataki na 4: Rage auna kanka da wasu

Masu bincike sun duba fuskokin 'yan wasan da suka karɓi lambobi a gasar Olamfik ta 1992 a Basalona. Waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu nuna farin ciki. Na biyu yana kallon zinaren da ya kuɓuce masa, na uku yana kallon waɗanda suka tashi ba komai. Matsayin mutum ɗaya ne, amma inda ya kai idonsa shi ke yanke masa hukunci. Wannan ya daɗe a cikin karantarwar addini. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya umarce mu mu dubi wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu.

A da, mutum da 'yan unguwarsu yake gwada kansa. Yanzu kafin ya wanke fuska ya ga akwatunan lefen 'yar wane, da motar da wane ya sauya, da ankon bikin da aka yi a Abuja. Ba ya ganin bashin da ke bayan hoton. A 2018 a jami'ar Pennsylvania an ɗauki ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na tsawon mako 3. Kaɗaici da ƙuncin zuciyarsu sun ragu fiye da na waɗanda aka bari suna yi yadda suka saba.

Shiga saitin wayarka ka duba awa nawa kake yi a kowace manhaja, sannan ka sa mata iyaka. Duk shafin da in ka gama kallonsa kake jin rayuwarka ta ƙanƙance, daina bin sa. In na ɗan uwa ne da ba ka son ya ji haushi, ɓoye shi kawai. Waya ta kwana nesa da matashin kai, kuma kada ta zama abin da za ka fara dubawa bayan sallar Asuba.

Mataki na 5: Fuskanci maganar kuɗi

Ina ƙin jin ana ce wa wanda bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba wai kuɗi ba ya kawo farin ciki. Talauci yana cin zuciya. A wani bincike da aka wallafa a 2013, an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya da tambayoyin auna kaifin tunani, kafin girbi lokacin da hannunsu ya bushe, da bayan girbi da kuɗi suka shigo. Mutanen ba su canza ba, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi, domin tunanin rashi ya sake su. Manominmu da rumbunsa ya yi ƙasa a tsakiyar damina ya san wannan a jikinsa. A Kenya ma, iyalai matalauta da aka ba tallafin kuɗi kai tsaye sun nuna ragin damuwa da ƙarin gamsuwa.

Abin da bincike ya nuna shi ne, amfanin ƙarin kuɗi yana tafiya ne da ninki. Wanda samunsa ya tashi daga naira 50,000 zuwa 100,000 ya ji canji sosai. Mai 500,000 sai samunsa ya kai miliyan 1 kafin ya ji kwatankwacin haka. Saboda haka ga mai ƙaramin ƙarfi, gyara harkar kuɗi gyara zuciya ne kai tsaye.

Fara da bashi. Rubuta duk wanda yake bin ka da adadin, komai ƙanƙantarsa. Bashin da ke yawo a ka ya fi wanda ke kan takarda tsoratarwa. Je wurin mai bin ka da ƙafarka kafin ya zo, ka ce, "Alhaji, ban manta ba. Abin da zan iya duk wata ke nan." Yawancin mutane ɓuya ce take ɓata musu rai fiye da jinkiri. Daga nan ka fara ajiyar ko-ta-kwana, ko da naira 500 ce a rana, a asusu ko adashi mai amana. Kuma ka daina cin bashi don fita kunyar biki. Mutanen da kake jin kunyarsu za su watse da yamma, kai za ka kwana da bashin.

Sai bayarwa. A 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane dala 5 ko 20 da safe, aka ce wa wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma waɗanda suka kashe wa wani sun fi farin ciki, kuma yawan kuɗin bai kawo bambanci ba. An sami irin wannan sakamako a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kamar Uganda da Afirka ta Kudu. Kyautar da aka yi da son rai, kuma aka ga amfaninta, ta fi sanyaya zuciya. Kwanon abinci ga maƙwabci marar lafiya ya isa.

Mataki na 6: Magance yawan tunani

A 2010 masu bincike biyu na Harvard sun yi amfani da manhajar waya suna tambayar mutum 2,250 a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da ke gabansu, kuma a lokutan ne suka fi rashin walwala. Tunanin da ke neman mafita yana da amfani. Wanda ke cutarwa shi ne mai juya magana ɗaya dare da rana: me ya sa ta faɗa min haka, da na sani da ban je ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita daga Afirka ta fito. A Zimbabwe likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 a unguwar Mbare ta birnin Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A gwajin da aka wallafa a 2016 da mutum 573, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne suka rage da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan kashi 50. Abin da kakannin suke yi kana iya yin sa da takarda, ko tare da aminin da ka yarda da shi.

Zayyana duk matsalolin da ke damun ka. Zaɓi ɗaya tak, wadda kake da iko a kanta, ba lallai mafi girma ba. Fayyace ta sosai: "rayuwata ta lalace" ba ta da bakin kamawa, amma "kuɗin haya zai ƙare nan da wata 2 kuma rabi nake da shi" tana da shi. Kawo duk hanyoyin da suka zo maka, har waɗanda kake ganin ba za su yiwu ba. Zaɓi ɗaya, ka sa mata rana da lokaci. Bayan mako ka duba abin da ya faru, in ba ta yi ba ka ɗauki ta gaba.

Tunanin da ke zuwa da dare kuma, ware masa minti 15 da rana, misali bayan La'asar. In ya taso a wani lokaci ka rubuta shi a layi ɗaya ka ce sai lokacinsa. Wani malami na Balkh da ke Afghanistan ta yau, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, don ya jawo su ranar da hankali ya tashi. Ayar da take sanyaya maka rai, da tuna wata wahala da ka taɓa shiga Allah ya fitar da kai, ka rubuta su tun yau. Sallah da zikiri da aka yi a tsanake, ana jan numfashi a hankali, suna dawo da hankali wuri ɗaya sau da dama a rana.

Abu ɗaya kuma: kada ka jira sai ka ji sha'awa kafin ka tashi. Mai ƙunci yakan janye daga mutane da sana'a, janyewar ta ƙara masa ƙunci. Likitoci suna karya wannan da sa mutum ya tsara ƙananan ayyuka ya yi su ko ransa ba ya so. Sha'awar takan biyo baya.

Mataki na 7: Godiya mai suna

Muna cewa alhamdu lillahi sau da yawa a rana, har takan fita ba tare da zuciya ta halarta ba. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun sa wasu mutane rubuta abu 5 da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma abu 5 da suka ɓata musu rai. Bayan mako 10 masu godiyar sun fi kyakkyawan zato ga rayuwa, kuma sun fi ƙarancin koke-koken jiki. Sirrin shi ne ambaton abu da sunansa. Maimakon "na gode da iyali," rubuta "ɗana ya kawo min ruwa da na dawo ban tambaye shi ba." Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Wata ɗaya sau ɗaya kuma ka nemi wanda ya taɓa yi maka alheri, malamin allo ko gwaggon da ta riƙe ka, ka faɗa masa abin da ya yi maka baki da baki.

Kada ka ɗauki matakan nan duka a mako ɗaya. Zaɓi wanda littafinka ya nuna ya fi gaggawa, ka ɗaura shi da wani abu da ba ka fashinsa: "In na idar da Magariba ranar Alhamis, zan kira Baba." Wani bincike a Landan da mutum 96 ya nuna sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ta ba.

In abin ya wuce nan

Akwai ƙuncin da ciwo ne, kuma matakan nan kaɗai ba za su warkar da shi ba. In mutum ya yi mako 2 ko fiye kusan kullum cikin baƙin ciki, ko ya daina jin daɗin duk abin da yake so a da, tare da rikicewar barci ko cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ko ganin kansa ba shi da amfani, to ya ga likita. Haka mai jego da ta wuce mako 2 tana kuka ba dalili ko ta kasa jin shaƙuwa da jaririnta. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo irin waɗannan alamu, kuma gwajin jini zai nuna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai na Dawanau da sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin masu neman irin wannan magani. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 ko fiye kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da sanin likita.

In ɗan uwa ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce gara ya mutu, kada a ɗauke ta a matsayin maganar ɓacin rai, kada kuma a hau shi da faɗa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa, domin tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.